Rabon Gobe

Zuwa ga Autana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka da jikokina masu ƙiriniya. Yaya aiki, yaya sanyin garin naku? Ka ce wa ƙaramar na ga hoton giɓin nata, ta daina rufe baki da hannu, ai kowa ya yi.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. To wayar ce ba ta yi mini. Duk sanda ka kira babanku na zaune a gefena, ba dama in faɗi abin da ke raina, sai in yi ta cewa lafiya lau, lafiya lau, kamar mai talla. Kai kuma kullum a gaggauce kake. Shi ya sa na ɗauko biro, in na gama in ɗauki hoton takardar in tura maka yadda ka koya mini. In rubutun ya karkace ka yi haƙuri, tabarau ne ya tsufa, ba ni ba.

Auta, ba lafiya lau ba ne. Mantuwar babanku ta wuce inda ka bar ta. A da makulli yake nema yana riƙe da shi, mu yi dariya. Yanzu mutane ne ke ɓace masa. Likita ya ba shi magani, ya ce gudun abin kawai zai rage, ba zai tsayar da shi ba. Yana cin abinci, yana wanka da kansa, ya sa kaya tsaf har da hula, ya rataya tef ɗin awo a wuya kamar mai shirin fita shago. Wanda ya hango shi zai ce ba abin da ya same shi. Amma makon jiya yayarka ta shigo ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa da irin fara'ar da yake yi wa baƙi, ya juyo a hankali ya tambaye ni 'yar gidan waye. Ta shiga kicin ta ci kukanta ta ƙoshi. Ni dai har yanzu yana gane ni, sai dai ban sani ba ko ni yake ganewa ko tsohon mayafina.

Ba wasa nake yi ba da na ce mayafi. Bayan kwana biyu yayarka ta dawo taya ni wanki, ta zo da wata tsohuwar riga da ya ɗinka mata tun haihuwarta ta fari, wadda ta mayar ta aikin gida. Tana wucewa ta gabansa da bokiti ya ce ta tsaya. Ya kama bakin rigar ya juya cikinta, ya bi kalmasar da babban yatsa, sai na ga fuskarsa ta washe. Ya kira ta Sarkin Kuka, rabona da jin sunan nan a bakinsa tun tana firamare. Ya tambayi mijinta, ya tambayi yaran ɗaya bayan ɗaya, har da yi mata tsiya wai ta yi ƙiba, ta kawo rigar a buɗa mata. Tun ranar a jaka take zuwa da rigar nan, ta fara shiga ɗakina ta canza kafin ta je gaishe shi.

Ka san halin ɗinkinsa. Duk rigar da ta fita daga hannunsa sai ya bar mata rarar yadi a ciki, kamar faɗin yatsu uku, a gefe da gefe da ƙasa, ya kwantar da ita ya kama da ɗinkin hannu. Ita yake kira rabon gobe. Yaro ya yi tsawo, magidanci ya ajiye tumbi, mace ta samu ciki, sai a dawo masa da riga ya warware ya buɗa. Masu kaya suna mita wai yana cinye musu yadi, shi kuma ya ce mutum ba ya tsayawa inda aka auna shi. To yanzu fuska ta daina gaya masa komai, sai wannan rarar. In ya gan ta ya san mutumin nasa ne, daga nan sauran ya biyo.

Abin da ke ba ni tsoro, su wa suka rage da ɗinkinsa a jiki? Lokacin da aka kawo ni gidan nan, in zan kai masa abincin rana layin teloli, tun daga kwanar famfo nake jin ƙarar kekuna kamar ana ruwa a kan kwano. Shago na jikin shago, ga masu zare, ga Mai Maɓalli da kwalabensa, ga mai guga a ƙarshen layi yana hura gawayi. Mutum kayansa kala biyu ne ko uku, amma nasa ne, a jikinsa aka auna. Akawu ba ya fita sai da karin guga a wando, lebura ma in ya tashi aiki sai ya wanke jiki ya sa ta kirki kafin ya ratsa gari. Babanku ya san wanda ya samu ƙarin girma a wurin aiki, ya san wanda ciwo ke ci tun iyalinsa ba su sani ba, don shi ake kawo wa wando a rage ƙugu. Sai gwanjo ya shigo dila-dila, kayan kanti masu araha suka biyo baya. Teloli suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, shagunan suka koma na waya da caji, daga ƙarshe aka rushe layin aka ɗora gadar sama. Wannan ka gani da idonka zuwanka na ƙarshe.

Yanzu in na leƙa titi sai in ga kamar duk garin aro ya yi. Samari da wando yagagge a gwiwa, wai a haka ake sayar da shi, har ya fi mai lafiya tsada. Riguna da rubutu a ƙirji, na tambayi ɗan yayarka me tasa ta ce, ya ce shi ma bai sani ba. Ba zagin kowa nake yi ba, ni ma doguwar rigar kanti nake zurawa, mai roba, don ba ta wahalar mini da kafaɗa. Amma ba ta san ni ba, duk wadda ta samu za ta shige ta.

Ka nemi hutu ka zo. Ba saƙo nake so ba, kai nake so. Ina so ya gan ka ya san kai ne, ko sau ɗaya, tun ƙofar ba ta gama rufewa ba. Yana tambayarka, amma kai ɗin da yake tambaya ɗan makaranta ne, wai ko ka dawo ka ci abinci.

Yayarka na gaishe ka. Ka gaida mutanen gida duka. Allah ya yi maka albarka.

Innarka.

*

Autana,

Sallama da fatan alheri. Ina fatan kun tashi lafiya, kuma tarin da ka ce yana damun mai ɗakinka ya sauka. Mu nan da sauƙi, amma ka samu wuri ka zauna kafin ka karanta wannan.

Ranar Laraba da hantsi ina ɗaki ina ninke kaya, babanku ya buɗe ƙofa ya fita, ko motsinsa ban ji ba. Da na fito na ga babu takalmansa sai gabana ya faɗi. Na bi layinmu ina tambayar masu shaguna, kowa ya ce bai lura ba. Yawancinsu ma ba su san shi ba, sababbin zuwa ne, wani har ya ce ko ina da hotonsa a waya.

Ashe shago ya tafi. Ƙafarsa ba ta manta hanya ba, ta kai shi daidai inda ƙofar shagonsa take a da, wato ƙarƙashin gadar nan inda ake cincirindon jiran mota. Sauran labarin a bakin Mai Maɓalli na ji, don yanzu a nan yake kasa tebur yana sayar da rigunan waya da igiyoyin caji. Ya ce ya hango wani dattijo da hula da tef a wuya yana bin mutane, in ya zo kusa da mutum sai ya kama bakin rigarsa ya juya, ya duba, ya saki, ya matsa gaba. Wanda ya sani yake nema, Auta. Wasu suka fizge, wasu suka yi dariya. Kafin Mai Maɓalli ya gane ko waye har ya taso, babanku ya kama rigar wani saurayi mai waya a aljihun baya. Yaron ya ji hannu a jikinsa ya yi ihun ɓarawo.

Ba sai na faɗa maka yadda garin nan ya koma da wannan kalmar ba. Kafin ka ce kwabo sun rufe shi. An mare shi, an ja shi da tef ɗin wuyansa, hularsa ta faɗa kwata, leɓensa ya fashe. Mai Maɓalli da ciwon gwiwarsa ya kutsa ya faɗa kansa, yana rantse-rantse yana cewa telan layin nan ne, shi ya ɗinka wa iyayenku kayan angonci. Wani ya ce wane layi? Allah ya taimaka wani direba mai furfura ya tsaya ya duba, ya ce ya san fuskar. Shi ya kore su, ya sa tsofaffin biyu a mota ya kawo mini su har ƙofa.

Na wanke masa baki da ruwan ɗumi. Na zaci zai yi fushi ko ya tsorata, ko ɗaya, abin da ya dame shi daban ne. Ya ce mini ya duba mutane sun fi a ƙirga, babu ko ɗaya da aka yi wa ɗinki, duk an datse bakin yadin daf da zare, ko ɗigon rara babu. Wai garin ya cika da baƙi, yaushe mutanenmu za su dawo? Na ce sun kusa. To me zan ce?

Na yi kwana biyu ina tsine wa yaron nan a zuciyata, daga baya na sauko. Wataƙila an taɓa sace masa waya. Kuma a ina zai san an yi lokacin da tela zai tare ka a hanya ya duba bakin rigarka, kai kuma ka tsaya kana jin daɗi? Amma baƙin cikin bai sauka ba. A daidai wurin nan mutumin nan ya yi shekaru yana durƙusa wa mutane da allura a baki don kada wandonsu ya ja ƙasa.

Yanzu kulle ƙofa nake yi, makullin na jikina. In ya je ya taɓa ya ji ta a rufe, sai ya dawo ya zauna, kuma wannan zaman ya fi mini marin ciwo. Na fito masa da kekensa falo, na sa masa mai, na tara masa tsofaffin zannuwa yana ta bi. Hannun bai manta komai ba.

Na ji daɗi da ka ce an ba ka hutu ƙarshen wata. Ga roƙona. Shuɗiyar rigar nan da ya ɗinka maka da za ka tafi, wadda ya hana kowa taɓawa har ya gama, ka nemo ta ka zo da ita. Na san ka yi jiki, hoto ba ya ɓoye tumbi, amma akwai rabon gobe a ciki, ni da kaina zan buɗa maka. Da ita za ka shiga wurinsa.

Ka gaida yaran. Allah ya kawo ka lafiya.

Innarka.

*

Auta,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Na ga saƙonka, na karanta, na ajiye wayar na je na wanke kwanukan da ba su yi datti ba, don kada in kira ka da zafi.

Wato rigar ba ta nan. Ka ce wajen sauya gida ta bi kayan da kuka bayar, ba ka ma san lokacin ba. Riga guda, Auta. Kana da wurin ajiye takalman gudu kala-kala da ba ka gudu da su, amma riga guda ta fi ƙarfin akwatinka. To na faɗa na huce. Don da na gama fushin na zazzage akwatunan gidan nan kaf ina neman ko wandonka na makaranta, ban samu ko ɗaya ba. 'Ya'yan dangi sun sa, sun ba ƙannensu. Kayan babanku ba sa mutuwa da wuri, shi ya sa ba sa zama a gida, laifin har da nasa.

Dabarar da ka kawo, ta kai wa telan can hoton rigar ya yi maka irinta, ban hana ba. Ka ce gwani ne, kekensa ma da kwamfuta yake aiki. Ka gaya masa ya bar rara a ciki ya kwantar da ita. Amma kada ka sa rai da yawa. Mutumin da ya manta sunan unguwarsu bai manta tafiyar allurarsa ba. Jiya ma ya tsaya a kan wani zanena ya ce wannan ba shi ya kalmasa ba, kuma gaskiyarsa.

Ka zo dai. Na share ɗakinka, na kori kayan yayarka da ta mayar da shi sito. Kada ka kwaso mana tsaraba, agogon da ka aiko bara ma yana nan a kwalinsa.

Allah ya tsare hanya.

Innarka.

*

Autana,

Assalamu alaikum. Ina fatan ka isa lafiya, ka tarar da iyali lafiya, gajiyar hanya ta sake ka. Ka gode wa mai ɗakinka da man zafin da ta aiko, gwiwata ta san an yi mata alheri. Gidan ya yi mana faɗi tun da ka tafi.

Ka tafi ba mu yi maganar kirki ba, ni da kai. Duk sanda zan buɗe baki sai in ga idonka in fasa, kai ma da ka zo sallama ƙasa kake kallo. To ga takarda, ita ba ta da ido.

Ina bakin ƙofa ranar da ka shiga wurinsa da sabuwar shuɗiyar rigar. Daga nesa ni kaina sai da na sa rai, telanka ya iya kwaikwayo. Na ga ka durƙusa, na ga ya kama bakin rigar ya juya, na ga yatsansa ya bi ya tsaya. Ka tambaye ni daga baya me ya gani, na ce ban sani ba. Na sani. Telan ya bar rarar yadda ka ce masa, amma ya bi ta da inji ya danne sau biyu, ya kashe ta, ko an warware allura ta riga ta huda yadin. Shi ya sa babanku ya ce wanda ya yi wannan ɗinkin, labarin abin kawai ya ji, bai san amfaninsa ba. Sannan ya ɗago ya ce maka sannu da zuwa yallaɓai.

Ka ce masa Baba ni ne, Auta ne. Ya yi dariya ya ce Allah sarki, sunan ɗansa ke nan, yana makaranta, in ka daɗe za ku gaisa. Kwanakin da ka yi yana ba ka kujera mai kyau, yana cewa in kawo wa baƙo ruwa, ni na san abin da kake haɗiyewa. Da ya ce ka kawo yadi ya yi maka ta gaske, na ji daɗin da ba ka ƙi ba, ko da yake ka sha yawo kafin ka samu mai yadin kirki. Ranar awo ka tsaya ka buɗe hannuwa, yana zagaya ka da tef yana rubuta awon da alli a bayan yadin, hawaye na bin fuskarka, shi kuma yana cewa yallaɓai a daina motsi. Na koma kicin na kunna famfo don kada ku ji ni.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauko biro. Kiran nan da ka gani a jere a wayarka ranar Talata, da ka kira da yamma na ce hannuna ne ya danna, ba hannuna ba ne.

Da safen nan ya shimfiɗa yadinka a tebur ya fara yanka, ina gefe ina tsintar shinkafa. Ya fitar da baya, ya fitar da gaba, ya zo kafaɗa sai na ji almakashi ya yi shiru. Ya daɗe yana kallon allin. Ya ɗora hannu a kafaɗarsa ta hagu, ya sake duba yadin. Sai ya kira ni Amarya, yadda yake kirana kafin a haife ku, da wata murya da na yi shekaru ban ji ba. Ya ce kafaɗar hagu ta sauka, hannu ya fi ƙa'ida tsawo, wuya siriri a kan faffaɗan ƙirji, wannan ai jikinsa ne, kuma mutum ɗaya ne ya gada. Ya ce Auta ne ya zo gidan nan? Na ce shi ne. Ya ce shi ne mai furfurar nan a gemu? Na ce shi ne. Ya ce kuma kika bar ni ina ce masa yallaɓai?

Idonsa tar, Auta, babanku ne sak ya dawo. Na ce ka tafi tun shekaranjiya, bai saurare ni ba, ya ce in muka yi sauri za mu same ka a tasha, mota ba ta cika da wuri. Ya ɗauki hula. Ni da nake kulle shi, ni na buɗe masa ƙofa da hannuna. Muna tafe ina danna lambarka, tana shiga ba a ɗauka. Na san kana wurin aiki, na san ba a barin ku da waya, ban ga laifinka ba. Amma na yi ta dannawa.

Tashar da yake nufi tsohuwar ce, ta bayan kasuwa, wadda aka tayar da daɗewa. Yanzu wani dogon kanti ne a wurin, gabansa duk gilashi, an jera mutum-mutumin nan marasa fuska an sa musu kaya. Mai gadin ya so ya kore mu, da ya dubi babanku sai ya ba mu bencinsa. Muka zauna. Duk motar da ta rage gudu sai ya miƙe ya leƙa. A tsakani yana ta jera mini abin da zai faɗa maka. Wai zai ce ka yafe masa, idonsa ne ya yi rauni. Wai ashe ka zama babban mutum haka ba wanda ya gaya masa. Zai yi maka faɗan tumbi. Zai tambaye ka ko aikin can yana wahalar da kai, don ya ga bayanka ya fara ranƙwafawa. Ya ce ya ga baƙon yana hawaye ranar awo ya zaci mura ce, ashe ɗansa ne ke kuka a gabansa shi kuma yana ce masa a daina motsi. Da ya faɗi wannan sai ya cire hula ya rufe fuska da ita. Duk zamana da mutumin nan, ko ranar da aka rushe shagonsa ban ga haka ba.

Ban san daidai lokacin da abin ya janye ba. Rana ta karkata, ya daina miƙewa in mota ta zo. Can sai ya nuna mini na cikin gilashin, ya ce bayin Allah nan sun daɗe a tsaye ba wanda ya kula su, kuma duk kayan ba nasu ba ne. Sannan ya juyo ya tambaye ni wa muke jira. Na ce ba kowa, mu je gida. Muna shiga layinmu wayata ta yi ƙara, kai ne. Na dube shi yana bin ƙofofin maƙwabta da kallo, yana neman tamu. Shi ne na ce maka hannuna ne.

Na yi ta juya abin, in faɗa maka ko in bari, don na san zai yi maka ciwo. Amma ka tafi da tunanin ubanka bai san ka ba, wannan kuwa ba zan bar ka da shi ba. Ya san ka. Abin da na roƙa an ba ni, sai dai ya zo ba ka nan, ni kaɗai na karɓa, ga shi na miƙa maka.

Rigar tana nan. Ya haɗa ta da manyan ɗinkin hannu ya rataye a ƙusa, ya ce shi bai taɓa ƙarasa kaya mai shi bai zo gwaji ba, ba kuma zai fara yanzu ba. Kullum da safe in ya sa hula sai ya tambaye ni ko mai kayan nan ya leƙo. In ce tafiya ta kama shi. Sai ya ce ba komai, daga ganinsa ɗan mutunci ne, zai zo. Ya sa na juya masa kujerarsa tana kallon ƙofa.

Ban ce ka bar aikinka ba, na san nisa, na san hidima. Ban kuma yi maka alkawarin zai sake gane ka ba, likita ya ce irin wannan buɗewar ba a sa mata rana. Jikin ma ya fara sanyi, abinci sai na lallaɓa. Amma in ka samu hali, ko na kwana biyu ne, ka zo gwajin nan. Kada ka wahalar da kanka neman kaya, ka sa duk abin da ka ga dama.

Ka shafa mini kan yaran. Allah ya yi muku albarka, ya sa ka same shi a kujerar nan.

Innarka.